Allurar da ta Soki Zalihatu

Ranar Litinin da azahar, Zalihatu mai shara ta ɗaga baƙar ledar shara a bayan ɗakin allura na wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Treichville, sai allura ta huda ledar, ta huda safar hannunta, ta shige mata tafin hannu. Da aka zazzage ledar, aka tarar da allurai da sirinjin da aka riga aka yi aiki da su, cakuɗe da ɓawon ayaba da auduga.

Ba nan ne wurinsu ba. Kowane ɗaki yana da akwatin roba rawaya da ake jefa allura da zarar an gama da ita. In ya kusa cika a danne murfinsa, ba ya sake buɗuwa, a kai shi a ƙone.

Dokta Kouassi, mai asibitin, mutum ne mai son magana ta ƙare da wuri. Ledar a bayan ɗakin nas Rahama take, don haka Rahama ce. Ya gwada jinin mutanen da ta yi wa allura a ranar, babu mai ƙanjamau, babu mai ciwon hanta. Ya ce wa Zalihatu ba ta bukatar maganin kariya, sannan ya kai ƙarar Rahama komisariya, ofishin 'yan sanda.

Sai Laraba da hantsi takardar ta iso teburin Insifekta Adawiyya, haifaffiyar unguwar Biyafara, wadda ba ta cika yarda da abin da ya zo da sauƙi ba. Tambayarta ta farko ga likitan ita ce wa'adin maganin. Ya ce kwana uku daga sukar, in ya wuce ba ya amfani. Wato gobe da azahar.

Ta sa aka shimfiɗa abin da ke cikin ledar a kan faranti, ta kira Rahama.

"Waɗannan ƙananan sirinjin na mene ne?"

"Na rigakafin yara, Madam."

"Kin yi rigakafi ranar Litinin?"

"Non. Laraba kaɗai ake yi, kuma ba a ɗakina ba."

"Wannan mai fiffike fa?"

"Ta ɗibar jini ce, ta labo, ɗakin gwaji. Ni ban taɓa ta ma."

"Shara kwana nawa take yi kafin a kwashe?"

"Kullum ake kwashewa."

Adawiyya ta sallame ta. Ta ɗauki akwatin ɗakin Rahama, wanda aka kawo daga mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a matsayin sabo, ta sunsuna. Warin jabel yake yi, ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta. A bakin murfin akwai sawun wuƙa da busasshen gam. Ta juya gindinsa, ta ga wani ɗan zane da baƙin alƙalami. Likitan ya ce ai shirmen kamfani ne. Ita kuwa da ta sha bulalar makarantar allo har shekara bakwai, ta karanta abinta. Da ajami aka rubuta "wankakke".

Ɗantani direba ne ke kai cikakkun akwatuna wurin ƙonawa. Ta same shi yana wanke mota.

"Kai kake ɗauko su daga ɗakuna?"

"Ni? Wallahi ko da safa biyu ban taɓa su. Nomau mai mangaza ka tara su, shi ɗaure cikin buhu, ni ɗauka."

"Ka taɓa buɗe buhun?"

"In ga mi?"

Ta miƙa masa takarda ta ce ya rubuta sunansa. Ya miƙo babban yatsa yana neman tawada, don iyakar rubutunsa ke nan.

Nomau yayan Zalihatu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya samo mata aikin. Dattijo ne mai tsabta, mangazarsa ko ƙura babu. Ya ce shi sababbi yake bayarwa, tsofaffi yake karɓa, bai san komai ba bayan haka. Adawiyya ba ta ja da shi ba. Ta dai lura da tambarin asibitin a kan kwalayen kaya, ta fita.

Ta haye gada zuwa Adjamé. A Roxy, tsakanin yaran ƙananan bas, 'yan gbaka, masu kiran fasinja da masu tallar waya, akwai tebura da ke sayar da safar hannu da auduga. A na huɗu ta ga akwatuna rawaya sababbi fil. Mai teburin, Harouna, ya fara da cewa daga tashar jirgin ruwa yake saro su. Ta jawo kwalin da ke ƙarƙashin teburin. An kankare tambarin, amma ba duka ba. A gefensa an rubuta "Harouna, Roxy" da ajami, da irin hannun da ta gani da safe.

"Tanti, ni saye na yi," in ji Harouna. "Kowace Juma'a bayan masallaci yake kawowa."

"Wa?"

Ya faɗa.

Da la'asar ta tara ma'aikatan asibitin a ofishin likitan, ta ajiye kwalin da akwatin a kan tebur.

"Dokta, ledar nan ba sharar ɗaki ɗaya ba ce, ba kuma ta rana ɗaya ba. Akwai allurar rigakafi ta makon jiya, akwai ta labo. Wuri ɗaya suke haɗuwa, mangaza. Ana yanke murfin cikakken akwati, a zazzage, a wanke da jabel, a liƙe da gam, a maido muku. Sababbin suna Roxy. Mai yin haka yana tsoron ya rikita wankakke da sabo ya kai wa mai saye, sai ya sa alama da rubutun da ya tabbata babu mai karanta shi a nan. Rahama bokon Faransanci kaɗai ta yi. Ɗantani ba ya rubutu." Ta juya. "Malam Nomau, yaya aka yi ranar Litinin?"



"Cikin buhun ƙonawa ni ka zuba su kullum. Ran nan buhu ya ƙare, na ji tahiyar Dokta, sai na tura cikin ledar shara ta bayan ɗakin allura. Na ce in na dawo in ɗauke."

"Kana nan aka ce mata ba ta bukatar magani?"

"Ina nan."

"Ka san allurar ba ta ɗakin Rahama ba ce. Ka san ba a san jinin wa ke jikinta ba."

"Na sani."

"Kwana biyu kana gaishe ta da safe."



Dokta Kouassi ya tashi da kansa ya buɗe kabad, ya ɗauko maganin. Ya yi wa Zalihatu bayani cikin muryar da ta fi ta ɗazu sanyi: ƙwaya ɗaya kullum har kwana ashirin da takwas, gwaji yau, gwaji bayan wata uku. Da an fara tun Litinin ya fi, amma ba a makara ba. Ya ce mata yako, kamar yadda ake yi wa mai ciwo sannu a garin. Rahama kuwa bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta jira ba, ta tafi ɗebo ruwa.

Zalihatu ta haɗiye ƙwayar. Sai yanzu tsoro ya kama ta sosai. Ɗan sanda ya kama hannun Nomau zai sa masa ankwa, ta bi hannun da kallo.

"Yaya, da safa kake zazzage su?"

Ya girgiza kai.

Ta juya wajen likitan, ba ta sake kallonsa ba.

"Dokta, a ɗebi jininshi shi ma kahin su tahi da shi."