Yarinyar da Ta Raba Waƙar Kaka

A wani gari can, an yi wata yarinya mai tsohuwar na'urar jin waƙa. A ciki ta naɗe muryar kakarta tana waƙar daɓe, wadda mata ke yi in suna buga ƙasan sabon ɗaki. Da Kaka ta rasu, ba wadda ta iya waƙar har ƙarshe.

Rannan kawunta ya kawo mata sabuwar na'ura mai ƙyalli, ya ce, "Zuba waƙar a nan, ki yar da tsohuwar."

Ta ce, "Kawu, tana tura wa mutane?"

Ya ce, "A'a, abin da ya shiga ba ya fita."

Ta ce, "Na gode, Kawu, amma a bar mini tawa."

Ƙawayenta suka yi ta dariya, ba ta kula ba. Ta shiga wannan gida, ta tura a wayoyin mata. Ta shiga wancan gida, ta tura, har ta gama gari.

Ana nan, na'urar ta faɗa rijiya. Yarinya ta zauna tana kuka. Can sai ta ji ana daɓe a maƙwabta, mata na rera waƙar Kaka, har baitin ƙarshe.