Jojiya Biyu Ce, Rachidou

“Ki gaishe mini da Zailani in kin sauka.”

Abin da Rachidou ya fara faɗa mini ke nan a tashar jirgin ƙasa ta Lyon, ko sallama bai yi ba. Ni kuwa na sha kwalliya, na baro tuwo a kan wuta, na zo tarbar mutumin da aka sa mana rana da shi.

“Wane Zailani?”

“Zailani nawa kika sani, Batula? Na Atlanta mana!”

Zailani tsohon manemina ne tun muna Damagaram. Ya tafi Amirka ya yi aurensa, ni ko lambarsa ba ni da ita.

“Chéri, masoyina, mi ya kawo maganarshi yanzu?”

“Kin yanki biyen jirgin sama zuwa Géorgie, ko ƙarya ne?”

“Gaskiya ne. Yau nika son in hwaɗa maka, albishir ne...”

“Albishir!” Ya yi wata dariya mai ciwo, idanunsa jajur. “To Allah ya ba da sa'a. Auren kuma an fasa.”

Ya juya ya shige cikin mutane. Na kira sunansa har muryata ta dishe, bai waiwayo ba. Kuka na yi sosai a ranar, tuwon ma ya ƙone.

Karatun dakta nake yi a fannin tarihi, a kan wata jam'iyyar gurguzu mai bin tafarkin zaɓe ta ƙasar Jojiya, wadda Faransawa ke kira Géorgie. Ƙaramar ƙasa ce a cikin duwatsu, tsakanin Rasha da Turkiyya. Dole ne in je babban birninta in karanta tsofaffin takardun jam'iyyar, kuma sai a makon nan jami'a ta amince. Sau nawa na ba Rachidou labarin nan? Amma shi bawan Allah, da na fara sai ya zuba tagumi yana kallon bakina, ya ce muryata ta fi rediyo daɗi. Ni kuma uwar son yabo sai in narke, ban taɓa tambayarsa me ya fahimta ba.

Washegari na shiga jirgi zuwa Paris, na zarce unguwar Château Rouge, shagon atamfofin mahaifiyarsa, Hajiya Safi. Dama can Hajiya ba ta yi na'am da ni ba. Cewa take yarinyar da ta bar rayayyu ta koma bin matattun Turawa ba za ta iya riƙe gida ba.

Ina shiga na ga Zouera a zaune tana linke mata atamfa, sai ka ce ita ce surukar. Zouera a kamfanin sayar da tikitin jirgi take aiki, kuma ita ta yankar mini nawa. Nan take na gane bakin zaren. Ta daɗe tana yi wa Rachidou kallon da ban so.

Na durƙusa na gaishe da Hajiya. Ta amsa da ƙyar.

“Ba ki tahi Amirkar ba?”

“Hajiya, wa ya ce Amirka za ni?”

“Ni dai Géorgie na ce,” in ji Zouera, tana wani sunkuyar da kai. “Ban ƙara ko kalma guda ba.”

Munafuka! Ita da ta rubuta sunan garin da hannunta. Ta san sarai duk ɗan Nijar da ya ji Géorgie, Atlanta ta jihar Jojiyar Amirka zai tuna, don can 'yan'uwanmu suka cika.

Rachidou ya fito daga bayan shagon, ya rame kamar wanda ya yi jinya.

“Batula, ki bar ni haka nan. Tun ranar da kika ce mini karatunki a kan Géorgie ne nake haɗiye kishi. Duk duniya ki rasa garin da za ki yi nazari sai inda Zailani yake?”

Ashe duk tsawon soyayyarmu haka ya ɗauka! Haushi ya kama ni, dariya kuma tana neman ƙwace mini.

“Ɗauko makullin motarka,” na ce.

“Zuwa ina?”

“Géorgie. Yau kahin la'asar za ka gan ta.”

Hajiya ta miƙe ta yafa mayafi. “Da ni za a tahi. Ban yarda da ke ba.”

Muka nausa kudu da Paris har wani ƙaramin gari da ake kira Leuville. Na sa ya tsaya a ƙofar maƙabarta. Hajiya ta yi salati, ta ce yau ga abin da ta daɗe tana faɗa.

Na kai su wani sashe inda rubutun kaburburan ya bambanta, baƙaƙe ne masu lanƙwasa kamar ƙugiyoyi.

“Rachidou, wannan Ingilishi ne?”

Ya duƙa ya duba. Ya kasa karanta ko harafi guda.

Can gefe wata tsohuwa tana ban ruwa ga furanni. Madame Tamar ce, jikar ɗaya daga cikin 'yan jam'iyyar, wadda ta sha ba ni labarin kakanta. Ta rungume ni, na gabatar da su. Gogan naka bai daddara ba, ya tambaye ta da Faransanci ko danginta daga wajen Atlanta suke.

Tsohuwa ta ajiye butarta ta kalle shi daga sama har ƙasa.

“Saurayi, mu muna da ƙasarmu da rubutunmu tun ba a san da Amirka ba!”

Da ƙasa za ta tsage, da Rachidou ya shige.

Sai na ba su labarin, wannan karon da Hausa, a tsaye a kan kaburburan. Mutanen nan 'yan jam'iyyar ne. A 1918 suka kafa jamhuriya, suka raba wa manoma gonaki, suka ba mata ƙuri'a tun Faransa ba ta yi ba, har mata suka shiga majalisa. A 1921 sojojin Rasha suka mamaye ƙasar, shugabannin suka gudo nan da niyyar zama kaɗan su koma.

“Suka koma?” Hajiya ta tambaya a hankali.

Na fassara wa Madame Tamar. Ta nuna kabarin da ke gabanta, ta ce kakanta har ya mutu bai yarda an sayi babban gado ba, wai wahalar ɗauka zai yi ranar komawa gida.

Sai na ga Hajiya tana share ido da gefen mayafi.

“Haka Alhaji, uban Rachidou, ya yi ta cewa,” ta ce. “Baɗi za mu koma Maradi, baɗi za mu koma. Ga shi nan a ƙasar mutane muka ruhe shi.”

Ta kama hannun tsohuwar nan ta riƙe. Ba mai jin yaren wata, amma sun daɗe a haka.

Rachidou ya matso kusa da ni.

“Batula... hasken idona... na yi wauta.”

“Ka yi.”

“Ki yahe mini.”

“Zargin na yahe. Amma ka bar ni ina ta zuba kamar rediyo ba ka ji ko kalma ba, wannan sai ka biya.”

“Hwaɗi ko mine ne, wallahi zan yi.”

“Za ka saurara. Tun daga farko.”

Hajiya ta juyo ta dalla masa harara. “Sakarai! Saura kaɗan ka sa in yi asarar ɗiya. Ke kuma ɗiyata, tahiya ba fashi, amma sai an ɗaura. Shi zai riƙe miki jaka.”

An ɗaura aurenmu a Bobigny, Madame Tamar ta zo har da ɗaurin kallabi. Zouera ba ta zo ba, kuma tun daga lokacin Hajiya ba ta sake ba ta kujera a shago ba. Muka tafi Jojiya tare, ina karatu yana riƙe jaka, yana yi mini tambayoyi har sai na ce ya isa.

Ranar da na kare aikina na dakta a gaban farfesoshi a Lyon, zauren ya cika da atamfa. Wani farfesa mai tsauri ya jefo mini tambaya a kan shekarar da aka yi zaɓen majalisar farko. Abin da na sani kamar sunana, sai kaina ya ɗauke ɗif!

Na ɗaga ido. Can a layin baya na hango mijina ya miƙe tsaye, yana motsa leɓɓansa da ƙarfi ba sauti, kamar zai yi kuka: dubu ɗaya da ɗari tara da sha tara.

Kuma daidai ya faɗa.