Tambaya Ta Bakwai

Kalkuleta ce ta haɗa su. Ranar gwajin farko a aji uku, ana saura minti biyar a shiga, ta Nazeefa ta mutu. Aminullahi yana zaune kan dakalin ɗakin lakca, ya miƙo mata tasa.

"Kai fa?" ta ce.

"Biyu gare ni."

Ba shi da biyu. Da hannu ya yi lissafinsa, ya ci tara cikin ashirin. Ita ta ci sha bakwai. Da ta gane, ta tare shi a bakin laburare.

"Ga ƙarya, ga asara. Me ka samu?"

"Jari na zuba," ya ce. "Ba a ganin ribarsa a zangon farko."

Dukansu harkokin kuɗi suke karantawa a jami'a, can Gwagwalada. Shi ɗan Mararaba ne, mahaifinsa direba mai ritaya. Ita 'yar Alhaji Ɗangoggo ce, Bakatsine mai sayar da hatsi a kasuwar Karmo. Yana kiranta Gwamna, don ta taɓa cewa sai ta shugabanci babban banki. Tana kiransa Farfesa, don ba ya iya ba da gajeriyar amsa.

"Gwamna, kin ci abinci?"

"Na ci. Ka karanta babi na shida?"

"Na buɗe. Kowane shafi ke nake gani."

"To ni ba zan fito a jarrabawa ba. Ka yi karatu."

A aji huɗu ya zaɓi bincikensa na kammalawa: yadda 'yan hatsi ke samun jari ba tare da banki ba. Malamin da ke duba aikin, Dakta Nicholas, ya ce sai ya kawo amsoshin 'yan kasuwa hamsin. Nazeefa ta ga dama ta samu. Ta riga ta gaya wa mahaifiyarta zancensa, mahaifiyar kuma ta kai wa Alhaji.

"Ka je wurin Baba," ta ce. "Ya gan ka kana aiki, ya san ba zaman banza kake ba."

Abu ɗaya ne ba ta yi ba. Ba ta karanta takardar tambayoyin ba.

Ranar kasuwa ya je. Alhaji yana zaune kan benci tsakanin buhunan masara, da abokansa biyu, da Fu'ad, saurayin da ke kawo masa kaya daga Abaji. Shekara guda ke nan Fu'ad yana neman a ba shi izinin zance da Nazeefa.

Aminullahi ya durƙusa ya gaishe su, ya faɗi ko shi wane ne, ya fito da takarda. Tambaya shida suka wuce lafiya. Sai ya karanta ta bakwai, da muryar da yake amsa tambaya a aji.

"Nawa ne jarinku gaba ɗaya, kuma nawa kuke samu a wata?"

Ɗaya daga abokan ya sunkuyar da kai yana gyara takalmi.

"Alhaji, ka ji fa," in ji Fu'ad. "Ba a ɗaura aure ba, an fara rabon gado."

Alhaji ya dubi Aminullahi. "Shekara talatin ina tare da uwar Nazeefa, ba ta taɓa yi min wannan tambayar ba. Tashi, yaro. Allah ya ba da sa'ar karatu."

A gida maganar da Alhaji ya yi wa Nazeefa ba ta yi tsawo ba. "Wanda ya zo auna rumbuna kafin ya nemi 'yata, ba 'yata yake so ba. Ranar da kika gama jarrabawa zan ba iyayen Fu'ad amsa."

Saura mako shida.

Alhaji ya bar Fu'ad ya fara zuwa zance. Ba mugu ba ne, amma ya san inda zai taɓa. Ya ce mata duk kasuwa ta ɗauka, har ana cewa yaron ya bi yana tambayar gidajen Alhaji nawa ne. Kwana tara ba ta ɗauki wayar Aminullahi ba. A na goma ta rubuta masa.

"Ka gaya min gaskiya. Baba kaɗai ka yi wa wannan tambayar?"

"Mutum talatin da ɗaya na yi wa. Sha tara sun kore ni. Ɗaya ya ce ni ɗan haraji ne, ya jefe ni da mudu. Na zata zafin rana ne ke sa su fushi."

Ta karanta sau biyu, ta yi dariya har da hawaye.

"Farfesa, shekara huɗu kana karatun kuɗi, ba ka san ɗan kasuwa ba ya faɗin jarinsa ba?"

"Babu a littafi, Gwamna. A littafi kamfani bugawa yake kowa ya gani. Ina tsoron rasa ki. Wannan ma ban san yadda ake lissafa shi ba."

"Ba lissafi ba ne. A gaban mutane ka kunyata shi. A gabansu za ka gyara."

Da wata ranar kasuwa ta zagayo ya koma. Benci ɗaya, mutanen nan dai. Ya durƙusa.

"Baba, na tambaye ku abin da ba a tambaya. Ku yafe min. Na ga adalci shi ne in amsa tambayar a kaina."

Ya fito da takardar, ya cike ta da sunansa. Ya soma karantawa. Kwamfuta ɗaya, tsohuwa. Teburin sayar da caja a Mararaba, su biyu da yayansa. Abin da teburin ke kawowa a wata kuwa...

"Kai, rufe bakinka!" Alhaji ya fizge takardar ya ninke ta. "Haka za ka tona wa kanka asiri a tsakiyar kasuwa?"

Abokin Alhaji ya kasa riƙe dariya. "Ɗangoggo, wannan ba makirci ba ne. Mai kwaɗayin dukiya ba ya zuwa da biro, a ɓoye yake bincike. Yaron nan boko ne ya yi masa yawa."

Alhaji ya dubi yaron da ke durƙushe. Fu'ad ya buɗe baki, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Malamanku ba su koya muku sirri ba?"

"Ba su koya mana ba, Baba."

"To duk Asabar ka zo nan. Ba takarda, ba tambaya. Ka zauna ka ga yadda ake yi."

Asabar huɗu ya yi yana ɗaga buhu yana yin shiru, abin da ya fi masa kowace jarrabawa wuya. Binciken kuwa, sai da ya cire tambaya ta bakwai sannan ya cika hamsin ɗinsa.

Ranar da Nazeefa ta fito daga jarrabawar ƙarshe, Alhaji ya aika wa iyayen Fu'ad haƙuri da goro, ya ce wa Aminullahi ya turo manyansa.

An ɗaura auren a masallacin Juma'ar unguwarsu bayan fitowar sakamako. Kafin a tafi da amarya Mararaba, Alhaji ya sa aka kira su biyun. Ta zauna gefe, fuskarta a lulluɓe.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku ci halal," ya ce. "Ke Nazeefa, mijinki mai gaskiya ne, amma bakinsa ba marfi. Ki riƙa rufe masa."

"In sha Allahu, Baba," ta ce daga ƙarƙashin mayafi.

Aminullahi ya gyara zama zai yi bayani. Ta taɓa hannunsa. Ya ce, "Amin."