Gadon Kwali

Tana kan kujera tana gyara labule ta ji wani abu ya rufta a bayanta, salatin namiji ya biyo baya. Ko da ta waiwaya, sai ga wani dogon saurayi ya nutse a tsakiyar gadon da ta ɓata safiya tana shiryawa, ƙafafu a sama, ya ɗaga kyamararsa da hannu biyu kada ta taɓa ƙasa.

Shi ne mai hoton da dillalin gidaje ya ce zai turo. Ita kuwa sana'arta shirya ɗakunan kwana, a gidan da za a sayar ko wanda ake ba matafiya haya lokacin hutu, yadda duk wanda ya ga hoton zai ji barci ya kama shi. A gidan haya gadon gaske take shimfiɗawa. Amma a gidan sayarwa da ba kowa, wa zai hau bene da gado don hoto kawai? Kwalaye take jerawa, ta ɗora katifar iska, ta lulluɓe da farin zanen gado har ƙasa, ta jera matasai.

"Malam, ba a zama a nan," ta ce tana danne dariya.

"Ai na gane yanzu," ya amsa daga cikin ramin. "Laifin mai shiri ne. Gadon ne ya kira ni."

Ranar da shi aka sake jera kwalayen. Kafin su rabu ya raɗa mata suna Mai Kwali, ita ma ba ta bar shi haka ba, ta ce Dogo.

Aiki ya yi ta haɗa su. Ya lura da yadda take yi: in ta shiga ɗaki, hotunan masu gida take fara kwashewa, don mai saye ya hango kansa a ciki. Sannan ta ajiye wani ɗan abu kamar yanzu mutum ya fita, littafi a kife, ko kofin shayi biyu a faranti. Shi dai Dogo yakan saita kyamara kan gado, idonsa kuma yana can wajen mai gyaran matasai.

Saƙonninsa ba sa yankewa.

"Mai Kwalina, yau na ɗauki ɗakuna har na gaji, ko ɗaya bai yi kyau ba, don ba hannunki a ciki. Kin ci abinci?"

"Na ci, Dogona. Ka dai daina zama a gadon mutane."

Da maganar aure ta taso, Mamansa ta ɗan ja baya. Wace irin sana'a ce wannan, budurwa tana shiga ɗakunan kwanan mutane? Da lallashi da rantsuwa Dogo ya shawo kanta, har ta ce a kawo mata yarinyar ta gani.

Ana cikin haka, wata rana suna aiki a wani gidan bene na sayarwa, Mai Kwali ta ga teburin gefen gado ya yi fayau. Ba tare da wani tunani ba ta ce ya ara mata agogonsa, ta ajiye kusa da kofunan nan biyu. Hoto ya yi kyau, ya hau talla. Dillali kuwa, wanda ya daɗe yana neman Mai Kwali da soyayya tana kaucewa, ya tura wa Mama hoton, wai ta ga inda ɗanta yake hutawa.

Agogon na marigayi baban Dogo ne, mai koren fuska, ko cikin dubu Mama za ta gane shi. Ta dubi agogo a gefen gado, ta dubi kofi biyu, ta ce magana ta ƙare. Dogo ya yi bayani har muryarsa ta dushe, ta ce ba yau aka haife ta ba.

Da dare saƙonsa ya shigo wa Mai Kwali: "Mama ta ce a'a. Amma ni ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Kada ki yi kuka, rabin raina."

Ta yi kukan, sosai ma. Tana son Dogo, so mai tsanani, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne matar da take fatan kira Mama ta ɗauke ta marar kamun kai. Da safe ta wanke fuska, ta tafi gidan Mama da kanta. Ta durƙusa ta gaishe ta, aka amsa da ƙyar. Ba ta kare kanta ba, abu ɗaya ta roƙa: Mama ta zo ta ga ɗakin da idonta, tunda ba a sayar da gidan ba tukuna. Mama ta ce za ta je, don ta rufe bakin kowa.

Niyyar Mai Kwali ita ce ta ɗaga zanen gado ta nuna mata abin da ke ƙasa. Abin da ba ta lissafa ba shi ne gwiwar Mama. Kafin su gama hawa benen tsohuwa tana haki, tana shiga ta duba ba kujera, sai ga gado fari tas yana kiranta.

"Mama, kada ki..."

Ina, ta riga ta zauna. Kwalaye suka rufta, katifa ta yi gefe, Mama ta nutse, takalminta ɗaya ya yi tsalle ya faɗa bakin ƙofa. Dogo da Mai Kwali suka ruga suka kamo ta.

Mama ta ɗaga gefen zanen, ta leƙa. Kwalin sabulu ne, da na man girki, duk sun lotse. Ta dubi ɗanta, ta dubi tsawonsa, ta sake duban kwalayen. Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da hawaye, tana cewa ko kyanwa ba za ta kwana a nan ba, balle wannan zanƙalelen.

Da ta lafa sai ta kamo hannun yarinyar, ta zaunar da ita kusa da ita a ƙasa.

"'Yata, na zarge ki da abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini."

"Ba komai, Mama. Ni ce na ari abin da bai kamata in ara ba."

Dillali dai bai sake samun mai shirya masa ɗaki ba, bai kuma samu mai hoto ba.

Aka ɗaura aure cikin farin ciki. Gudummawar Mama gado ne na katako, mai nauyin da sai da ƙarti suka haɗu suka shigar da shi. A gaban 'yan'uwa ta zauna a kai, ta girgiza shi da kyau, ta ce wannan kam ta gwada. Ta dafa kawunansu ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa gidan ya cika har a rasa wurin zama. Kowa ya ce amin.

Bayan an watse, amarya ta tsaya tsakiyar ɗakinta, ita da ta shirya ɗakuna ba iyaka, ta rasa ta inda za ta fara. Can sai ta buɗe jaka, ta fito da hotunan iyayenta da na iyayensa, ta jera su a bango, abin da ba ta taɓa yi wa wani ɗaki ba. Dogo ya kwance agogo ya ajiye a teburin gefe, kusa da kofi biyu. Sannan ya matsa bakin gado, ya danna katifa da hannu, ya leƙa ƙasa.

"Zauna, Dogona," ta ce. "Wannan ba na sayarwa ba ne."