Gangar da Ba Ta Cin Wuta

A can wani gari, an yi wani mai shayi da ya ɗan leƙa ajin Turanci, ya fito da ilimi guda tak: wai idan aka liƙa "in" a goshin kalma, an kore ma'anarta ke nan. "Correct" daidai, "incorrect" ba daidai ba. Tun daga nan gari ya shiga uku. Kowa ya zo shan shayi sai ya ji, "Ai ni na gama Turanci."

Wata rana ya samo tsohuwar ganga, an rubuta "inflammable" a jikinta, wato mai saurin kama wuta, ya girke ta dab da murhu don ta zama teburinsa.

Matarsa Ladidi ta ce, "Maigida, warin fetur fa nake ji. Ka tambayi malamin makaranta mana."

Ya ce, "Ni zan tambaya? 'Flammable' mai cin wuta ne. An sa masa 'in', an kori wutar. Ai ni na gama Turanci."

Ya kama fifita murhu, tartsatsi ya yi tsalle. Ganga kuwa ta ba da amsa: bum! Rumfa ta tafi, gemu ya bi ta.

Malamin ya zo jaje, ya ce, "Ba kowane 'in' ke kora ba. Wannan ƙara wa wutar ƙarfi yake yi."

Mai shayi ya shafa haɓarsa da ta koma sumul, ya ce, "Allah sarki! Ashe Turawan ma ba su iya Turanci ba."