Gwiwar Inna

"Kowa ya kwanta! Kai, ƙasa! Ƙasa na ce!"

Muryar Goga ce, shugaban gungun, ta cika sabon kantin. Ƙarfe bakwai na safe bai yi ba. Ma'aikata shida suka zube tsakanin buhunan shinkafa da kwalayen madara. Auta na tsaye a ƙofar baya, fuska a rufe, bindiga a hannunsa. Shi ya buɗe musu ƙofar. Yo ai shi ya yi waldarta.

Wata uku ya yi yana haɗa ƙarafan jera kaya a ginin. Ya san ranar buɗewa mai kanti zai yi sammako da kuɗin biyan motocin kaya. Labarin da ya kai wa Goga ke nan a garejin Dogo, direbansu.

"Ba mutane?" in ji Goga.

"Sai ma'aikata, Oga. Sai tara za a buɗe."

"Minti biyar mu fece. Ka yi mana shirme, ka san sauran."

Akwai abin da Auta ya haɗiye bai faɗa ba. Unguwar ta cika ta batse, benaye sai tashi suke, ga shagunan waya, ga wuraren aski, amma ba inda za ka sayi tumatir. Shekara takwas mahaifiyarsa na hawa mota biyu zuwa kasuwa, da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Ita ta bi gida-gida tana tara sa hannun mata. Ita ta mai da ofishin hukuma wurin zama, har suka gaji da ganinta suka ba da fili. Kantin nan guminta ne, ɗanta kuma ya sani.

Jiya da yamma ya roƙe ta, "Inna, kada ki je gobe. Cunkoso za a yi, a take ki."

"Na ji, Auta. Kai dai da tsoro kamar farar kura."

Bai san mai kanti ya aika mota a ɗauko ta ba. Mutumin ya rantse ba wanda zai fara sayayya sai ita, kafin a buɗe wa jama'a.

Ga ta nan kuwa tsaye gaban albasa, da kwando a hannu.

"Ke tsohuwa! Kurma ce ke? Kwanta!"

"Ɗan nan, ƙafar ba ta yi," ta ce. "Wallahi ba ta yi."

Goga ya ɗaga gindin bindiga. Auta bai san lokacin da ya isa wurin ba. Hannun hagu ƙarƙashin gwiwar hannunta, na dama a bayanta, yadda yake yi mata kullum in za ta zauna ko ta tashi. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ɗaya, biyu..."

Ta tsaya cak. Ta dubi hannun, ta dubi tabon ƙunar walda a babban yatsa.

"Auta?"

A benen da ke kallon kantin, wata mai shanya ta riga ta buga wa 'yan sanda waya. Sufeto ya ajiye kofin shayi. "Mota biyu! Ku tare titin baya, ba jiniya!"

A ciki Goga ya juyo. "Ta san ka? Kai, ɗan iska, ka kashe mu!"

"Oga, uwata ce! Don Allah..."

"To ta san mu ke nan."

Goga ya saita ta da bindiga. Mai kanti ya yunƙuro daga ƙasa ya kama ƙafarsa. Tau! Mutumin ya koma ya kwanta, bai ƙara motsi ba. Auta ya faɗa kan Inna ya rufe ta. Tau! Cinyarsa ta ɗauki wuta.

"Oga, 'yan sanda!" Dogo ya yi ihu daga waje, ya taka mota, ya tsere shi kaɗai. Goga ya ruga bayansa da jakar kuɗin yana zagi. Bai kai kwana ba suka harbe shi, jakar ta fashe a kwata.

Inna ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta cire masa ƙyallen fuska, ta ɗaure cinyar da shi, ta riƙe kansa har sufeto ya shigo.

Shekara ashirin da biyar aka yanke wa Auta. An kama Dogo bayan sati biyu. Mai kanti ya rasu, ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu. Kantin bai taɓa buɗewa ba, tumatir ya ruɓe a ciki, aka zo aka sa kwaɗo.

Sai bayan wata bakwai Inna ta zo ganin Auta a gidan yari. Ta rame, abin tausayi. Ragar waya ce tsakaninsu.

"Inna, kasuwa fa?"

"Mota biyu, kamar da. Matan unguwa ba sa gaishe ni. Ban ga laifinsu ba, ni na ce su sa hannu."

Ya so ya ce ta yafe masa, sai hawaye.

Gandiroba ya buga ƙarfe, lokaci ya yi. Inna ta dafa benci ta yunƙura, gwiwar ta ƙi. Auta ya miƙa hannun hagu, ya ci karo da waya. Ta dubi hannun ta kau da kai. Ta sake dafa bencin, ta ƙirga wa kanta a hankali.

"Ɗaya, biyu..."