Jar Leda a Bakin Tocila

"Kin ajiye turaren, kin ɗauki ledar?"

Gwaggo ce tsaye a ƙofar ɗakina, hannu a ƙugu. Turaren da ɗanta ya aiko min yana gefen katifa, ko buɗe shi ban yi ba. Jar ledar da aka naɗo shi a ciki kuwa tana kan cinyata, ina bin ta da almakashi.

"Ita nake buƙata, Gwaggo."

"Wani shirmen Kalli-sama ne, ko?"

Sunan da ta laƙaba wa wanda nake so ke nan. Malamin kimiyya ne, kuma bayan isha'i yakan hau rufin gidansu da madubin hangen nesa ya kalli taurari. Ɗan Gwaggo kuwa, Yaya Mai Fitilu, shagon kayan lantarki gare shi. Da ya fara nemana sai ya kafa mana wata ƙatuwar fitila a tsakar gida, ko allura ta faɗi sai ka gan ta.

"Ɗaya ya kawo wa gidan nan haske, ɗaya yana koya miki zaman duhu," in ji ta. "Ubanki ya ce in idonsa ya warke zai yanke magana. Ni dai na san inda za ta faɗi."

Ta ja ƙofa ta fita.

Aikin yanar ido aka yi wa Baba. Yana gani yanzu, amma haske na damunsa. In na kunna tocila zan ɗiga masa magani, sai ya kare fuska, hawaye na zuba. Bai taɓa kushe fitilar tsakar gida ba, don kada ran ƙanwarsa ya ɓaci. Daina fita shan iska kawai ya yi.

Na kira Malam a waya.

"Na yanka. Sai me?"

"Ninka ta, falle ɗaya ba ya isa. Ki rufe bakin tocilar, ki ɗaure da robar gashinki. Haska bango... ya kika gani?"

"Kamar garwashi."

"Ya yi. Da irinta nake duba taswirar taurari. Ido kan daɗe kafin ya saba da duhu, farin haske kuma nan take yake mayar da shi baya. Ja mara ƙarfi ba ya takura masa haka."

"Ledar turaren Yaya ce fa."

Ya yi dariya.

"Ki yi masa godiya, rabin raina. Da gaske nake."

Da lokacin magani ya yi, Baba ya ɗaga hannu zai kare fuska kamar kullum. Sai ya sauke shi a hankali.

"Wannan ba ta cizo. Wa ya koya miki?"

"...Kalli-sama."

"Sunan da aka raɗa masa ke nan?"

"A'a, Baba."

"To bar wa Gwaggonki kayanta. Ki ce wa Malam ya zo gobe bayan isha'i, da abin nasa."

Gwaggo ta ji, don bangon gidanmu ba ya riƙe magana. Washegari ta riga Malam isowa, ɗanta na biye da ita rungume da kwali.

"Kawu, wata fitilar zan ƙara maka a bakin ɗaki," in ji Yaya. "Ta fi waccan ƙarfi."

"Kashe waccan tukuna," Baba ya amsa daga ciki.

Yaya ya dubi mahaifiyarsa, ya je ya kashe. Da jar tocilata na haska wa Baba hanya har kujera. Malam ya durƙusa ya gaishe shi, ya koma gefe.

"Ni ban ga komai ba," in ji Gwaggo.

"A ɗan jira, Gwaggo," in ji Malam. "Ido ne ke shiri."

Ta laluba jaka ta ciro waya.

"Mayar da wayar nan," in ji Baba.

Muka zauna cikin duhu. Na san wannan zaman ne zai yanke min hukunci. A hankali sama ta fara cika. Baba ya ɗaga yatsa, ya nuna wani gungun taurari.

"Kaza da 'ya'yanta..." Ya gyara murya. "Rabona da su tun mahaifiyarki na da rai. Na ɗauka sun tafi ke nan."

Malam ya matso da madubin. "Baba, ta nan za ka ga sun fi haka yawa."

"Bari tukuna, ɗana. Da nawa idon nake so."

Yaya ya ajiye kwalin a ƙasa. "Kawu, me ya sa ba ka ce fitilar na damunka ba?"

"Alheri ka yi, kuma na gode. Tambayata ce ba ka yi ba."

Yaya ya dubi kwalin. Ya ce gobe zai sa makunni kusa da kujerar Baba, ya riƙa kashewa in ya ga dama.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Baba. "Malam, ka ce wa iyayenka su zo. Da rana. Yanzu ina da idon ganin baƙi."

"Da ledar ɗana aka yi min wannan!" in ji Gwaggo.

"To kin ga da hannunki a ciki. Ke za ki karɓi baƙin."

Na kashe tocilar. Ban so ko jan hasken ya nuna musu fuskata.